Kai Garmaho Gangara

A shekarar da Nasara suka mayar da mazaunin gwamna Yamai, saƙo ya zo mini Damagaram daga kawuna Ɗan Bako, tsohon makaɗin gurmi a Gangara. Ya ji labarin akwati mai waƙa, yana so ya ji shi kafin kunnensa ya ida mutuwa. Maigidana, wani Balarabe ɗan kasuwa, ya ara mini garmahonsa da fayafai uku.

Damagaram zuwa Ollelewa

Mun yi sallar asuba muka tashi, ni da Agali mai raƙumi. A bakin gari wani gardi, ɗan sandan Nasara, ya tsayar da mu, ya nuna ƙahon garmaho.

"Wannan bakin bindiga ne?"

Sai da na sauke kaya na murɗa hannun garmahon, waƙa ta fito, ya ja da baya. Ya ce mu wuce.

Da safe da yamma kawai muke tafiya, don faifai ba ya son rana. Duk da haka a Ollelewa na kwance zanen da na naɗe fayafayan a ciki, na tarar ɗaya ya lanƙwashe kamar kunnen akuya. Mai masauki ya ba mu tuwon gero da nono, amma ban ci abin kirki ba.

Gangara

Mun isa da hantsi. Bayan la'asar aka yi shimfiɗa a fili, gari duk ya taru. Na ɗora allurar garmaho kan faifai. Mata suka riƙe baki, wasu na leƙen cikin ƙaho. Kawu yana zaune a gaba, fuskarsa ba ta motsa ba.

"An fara ne, ɗana?"

Na matso da akwatin, iska ta ci gaba da kwashe muryar. Agali ya ce a gwada cikin ɗaki. Wata tsohuwa ta tuna da soron da Kawu ya saba kiɗa a ciki da ƙuruciyarsa, yanzu hatsi ake ajiyewa. Aka fitar da buhuna, aka share. Na aza garmaho a kusurwa, muryar ta shaƙe. Na kai shi tsakiya, ƙarƙashin bakan rufi, na juya ƙaho wajen Kawu. Nan waƙa ta cika soron har ƙofa.

Ya rufe ido, yatsunsa suka fara bugun gwiwarsa. Da faifan ya ƙare ya share hawaye.

"Na ji shi," in ji Kawu. "Amma makaɗin nan yana gaggawa. In ka koma ka gaya masa ya riƙa jiran mawaƙi."

Komawa

Mun biyo hanyarmu ta zuwa, muka shigo Damagaram ranar Alhamis da magariba. Na nuna wa maigida faifan da ya lalace, ya ce ba komai. Ina godiya gare shi, da Agali, da mutanen Gangara da suka kwashe hatsinsu saboda tsoho guda. Kawu ya rasu da damina. Allah ya jiƙansa.