Guntun Rodi a Cikin Kwamfutar Maryama

Ba zan faɗi sunana ba, don mahaifiyata tana da rai, kuma ta sha kunya isasshiya. A unguwar Alabar aka haife ni, na yi makarantar allo na taɓa boko, daga nan aka kai ni koyon haɗa kwamfuta wurin wani mutum a kasuwar Adum da muke kira Masta. A lokacin ko biro na tsinta sai na yi cigiya.

Masta ya koya mini aikin tsakani da Allah. Yakan ce idan mai ƙaramin ƙarfi ya zo, a rage masa a kan akwati mai ƙyalƙyali da fitilu, a sa masa furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, na hannu mai lafiya, ram kuwa, mai ƙara wa injin sauri, ya ƙara daga baya in ya samu hali. Abu ɗaya ne ba a taɓawa, fawa saflai, wato ƙaramin akwatin da ke karɓar lantarki ya raba wa sauran kayan. A garin da ake ɗauke wuta a dawo da ita da ƙarfi, shi ne mai gadin gida. Mai kyau yana da nauyi, shi ya sa masu saye suke ɗagawa su auna a hannu.

Da na buɗe nawa shagon sai na lura babu mai tambayar wannan akwati bayan ya ji nauyinsa. Na fara da musanya ɗaya kawai. Na sayi na banza mai araha, na buɗe, na liƙa guntun rodi a ciki, na manna masa takardar mai tsada. Na rufe kwamfutar da tambarin shagona, na ce wanda ya yage shi ba ruwana da gyara. Shiru, babu abin da ya faru. Daga nan na shiga sayen kaya hannun yaran da ba a tambayarsu inda suka samo. Idan zuciyata ta yi magana sai in ce mata kowa a kasuwa haka yake yi.

Ana haka Maryama ta zo. 'Yar unguwarmu ce, ta girme ni, tana zana katin biki da hotunan sanarwar addu'a a shagon wani. Ta ɗauki adashinta tana so ta tsaya da ƙafarta.

"Ƙanina, kuɗin ba yawa koraa, 'yan kaɗan ne," in ji ta. "Kai ka san abin. Ka zaɓa mini kamar naka ne."

Na ce, "Yaya, ki bar mini komai."

Muka zauna muka tsara. Na rage mata a akwati, na sa ram daidai aikin zane, na ba ta shawara mai kyau a kan komai don ta saki jiki. Na miƙa mata fawa saflai na gaske ta ɗaga, ta ce yoo, ta gamsu. Tana fita na mayar da shi kan kanta na ɗauko mai rodi.

Ni na kai mata kayan gida. Ɗakinsu na katako ne a ƙuryar babban gida, ciki ɗaya, ita da mahaifiyarta Mma Azumi, tsohuwar da ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Teburin yana dab da gadon tsohuwar. Ina gama haɗawa Mma Azumi ta sa aka ɗauko wani zanen leshi aka lulluɓe akwatin, yadda iyayenmu suke rufe talabijin da duk abin da suke ji da shi. Na san zanen zai toshe iska. Na buɗe baki, sai na ga in na fara zancen zafi za a fara tambaya. Na bar zanen yadda yake na karɓi albarkar da ta sa mini.

Ba a jima ba wani mai gidan wasan kwamfuta ya shigo shagona da injin da na haɗa masa a ka, yana warin ƙonanniyar roba. An dawo da lantarki, abin ya yi ƙara ya kama da wuta, Allah ya sa yana kusa. Daga kwali ɗaya na ciro fawa saflai ɗinsa da na Maryama. Na lallashe shi na canja masa.

Tun daga ranar ban ƙara samun natsuwa ba. Duk sanda aka ɗauke wuta fanka ta tsaya a shago sai tunanina ya tafi ɗakin Maryama, in ta tashi in kasa kunne ko zan ji ihu daga Alabar. Na sa fawa saflai na gaske a jakata da niyyar kai mata. Sau da yawa ina isa bakin layinsu in juya. Me zan ce? In yage tambarina a gabanta in ciro me? Zango, unguwanninmu na Hausawa, ba ya riƙe magana, kafin la'asar an kai ta masallaci. Wata rana ma muka yi kiciɓis da ita a bakin titi.

"Injin yana aiki paa, sosai da sosai, Allah ya biya ka," ta ce. "Amma wani lokaci ina jin shi kamar wari wari."

Na ce, "Sabo ne, Yaya, haka suke yi."

Jakar tana rataye a kafaɗata lokacin da na faɗi haka.

Ranar wata Juma'a aka ɗauke wuta tun hantsi. Maryama ta bar injin a jone ta tafi kai aiki Asokore Mampong, maza duk sun tafi masallaci. Muna cikin sahu fankokin masallaci suka tashi. Wallahi ban san me liman ya karanta ba. Muna sallamewa muka ga hayaƙi.

Matan gidan ne suka fasa ƙofa suka jawo Mma Azumi. Ta fito da rai, amma hayaƙi ya riga ya cika mata ƙirji. Da masu kashe gobara suka tona tokar suka buɗe abin da ya saura na injin, sai ga guntun rodi. Mai gidan wasa ya ji labari ya zo da nasa bayanin, wasu ma suka buɗe nasu. 'Yan sanda suka bincike shagona suka tarar da kayan sata. Dattawa ba su ko nemi a sasanta a gida ba, ni ma ban ga fuskar roƙonsu ba. Alƙali ya ɗaure ni.

Zaman kurkuku ba sai na ba ku labari ba. Cunkoso da ƙaiƙayi da yunwa duk jiki yana sabawa. Abin da ban saba da shi ba shi ne tunanin cewa gyaran nan bai fi aikin kunce ƙusa huɗu ba.

Da aka sake ni, kafin in je ko'ina na nemi Maryama. Na same ta a shagon da ta bari a da, ta koma aiki a ƙarƙashin wani. Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta juyo daga allon kwamfuta ta dube ni.

"Nawa na yafe tun tuni," in ji ta. "Na Mma kuwa ba ni da iko a kai. Ta yi tari har ta gaji. Tana maƙabartar Tafo, in za ka iya ka je ka tambaye ta."

Yanzu gyara nake yi a teburin Masta, wanda ya karɓe ni ba don na cancanta ba. Ku matasa masu sha'awar wannan sana'a, in kuɗin mutum bai kai ba ku faɗa masa bai kai ba, ya jira. Kada ku ci amanar wanda ya ce ku zaɓa masa kamar naku. In kuwa har kun riga kun yi, ku tashi yau ɗin nan ku je ku faɗa da bakinku, a zage ku a unguwa a gama. Ni kunyar yini ɗaya na guje wa, ga shi wadda zan nemi gafararta ba ta jin magana.