Hannun Hagun Ƙanwata

A gidanmu na Gadarif ni ce yarinyar da ake misali da ita. Ban taɓa miƙa wa babba kofin ruwa da hagu ba. Tun ban iya magana sosai ba kakarmu, wadda muke kira Haboba, ta koya mini cewa dama ce ta ci da gaisuwa da karɓa, hagu kuwa ta san aikinta a bayan gida. Na riƙe wannan har hannuna na hagu ya zama kamar baƙon da ba a ba shi tabarma ba.

Ƙanwata, wadda ke bi mini, bahaguwa aka haife ta. Ta sha wuya a kan haka. Haboba kan naɗe mata hannun da tsumma lokacin cin kisra, wato siririyar wainar dawa da muke ci kullum, ta zauna kusa da ita da muciya. Da ƙyar dama ta karɓi ci da rubutu, amma tsintar riɗi da zura zare a allura ba su taɓa barin hagun ba. Ina tausayinta. Idan aka yi mata faɗa nakan ajiye mata ɓawon kisra, wanda take so.

Ina aji na gaba da ita a sakandaren 'yan mata aka kawo mana sabuwar malamar wasanni daga arewa, doguwa mai sauri, muna ce mata Ustaza. Bayan katangar makaranta akwai tsohon filin tanis da ma'aikatan gonakin gwamnati suka bari tun zamanin Turawa, simintinsa ya tsattsage saboda baƙar ƙasar nan tamu da ba ta zama wuri ɗaya. Ustaza ta sa muka cike tsagogin, ta ɗinke ragar da kanta, ta fito da abin bugu guda biyu, madrab ake ce musu. Bayan la'asar muke fita.

Ni na fi kowa ƙarfin bugu. Amma wasan ba ya farawa sai an jefa ƙwallo sama da hannu ɗaya an buge ta da ɗayan ta haye raga ta faɗa cikin ɗan akwatin da aka zana. Madrab yana dama. Jefawar kuwa, wadda Ustaza ta ce ita ce uwar bugun, aikin hagu ne.

Tawa ƙwallon takan tafi inda ta ga dama. Wani lokaci ta bi bayan kaina in lanƙwashe kamar mai leƙen wata, wani lokaci ta yi gaba in bi ta da gudu.

“Ya bitti, 'yata, ba jifa ba ne,” in ji Ustaza. “Kar ki dunƙule ta a tafi. A kan yatsu. Miƙe gwiwar hannu, ki ɗaga, in ya kai daidai idonki ki buɗe. Buɗewa kawai.”

Sai ta kira ƙanwata. “Zo ki nuna wa yayarki.”

Ƙanwata ta ɗaga hannun nan da aka shekara ana duka. Ƙwallon ta hau a miƙe, ba ta ko juyawa, ta ɗan tsaya a sama kamar an rataye ta, ta jira madrab ya zo. Ustaza ta ajiye madrab a ƙasa gaban ƙafar ƙanwata ta hagu ta ce ta jefa kar ta buga. Ƙwallon ta sauko a kan igiyoyinsa. Ta sake, ta sake saukowa nan.

“Ma sha Allah! Wa ya koya miki?”

“Ba kowa, Ustaza.”

Na ce ma sha Allah tare da sauran 'yan mata. Ni da na bi duk abin da aka ce, ga ni da hannu kamar itace. Ita da ta ƙi ji, ga ta da hannu biyu.

Ana cikin haka Ustaza ta ce bayan girbi za a yi wasannin makarantu a birnin Madani da ke bakin kogi, kuma yarinya ɗaya za ta ɗauka a tanis. Ban taɓa wuce Gadambaliya ba, inda Baba yake tuƙa tarakta. Ban taɓa ganin kogi ba sai rafin da ke cika da damina ya bushe. Na sa wa raina ni ce zan je.

Na fara gwaji a tsakar gida da lemon tsami, na kife faifai a gabana a matsayin madrab. Haboba tana ƙarƙashin rumfa tana jan carbi.

“Ke kuma lafiya? Abinci kike wurgi da shi, da hagu kuma?”

“Darasi ne, Haboba.”

“Darasin hagu? Waccan da muka sha wahala muka gyara, ke da Allah ya shirya za ki koma? Wannan makaranta!”

Na koma bayan bukkar girki da ƙwallon goruba. Ƙanwata ta same ni can, tana tauna rake.

“Yaya, wuyan hannunki ne ke fizga. Ki bar shi ya mutu.”

“Ya daɗe da mutuwa. Jeki, Inna na kira.”

“Ba ta kira. Kawo in riƙe miki gwiwar.”

Ta riƙe, na ɗaga, gorubar ta hau a miƙe ta faɗo tsakiyar faifai. Ta yi tsalle tana tafi. Murnar tata ce ta fi ci mini rai, don da ta yi mini gori da na sami abin riƙewa. A sallar magariba na karanta Falaƙi, da na kai ayar mai hassada sai na rasa ko tsari nake nema wa kaina ko nema mata daga gare ni. Na roƙi Allah ya wanke mini zuciya. Na kuma roƙe shi Madani, ban ɓoye masa ba.

Na samu ci gaba, ba zan ƙi faɗa ba. Na koyi ƙin buga ƙwallon da ta karkace, in cafe ta in sake. Na koyi barin hannun a sama bayan na saki, maimakon in janye shi da sauri kamar na taɓa garwashi. Ranar da iska ba ta kaɗawa, buguna yakan wuce 'yan mata kafin su motsa.

Ranar zaɓe iska ta kaɗa. Lokacin casar dawa ne, ƙaiƙayi yana tashi daga lorori yana sauka a filin. Ustaza ta haɗa mu, ni da ita. Ƙanwata ta rage tsayin jefawarta kaɗan, ba wanda ya ce mata, iska ba ta sami abin ɗauka ba. Ni kuwa ina jefawa ina cafewa, har wata daga bakin fili ta ce, “Ko sai an kawo miki tsani?” Aka yi dariya. Na fusata na buga wadda ta karkace, ta shiga raga. Ta biyu ta haye katanga. Haka muka yi ta yi har Ustaza ta ce, “Halas, an gama.” Ta dafa kafaɗar ƙanwata.

A gida Inna ta ce sai Baba ya dawo. Da ya dawo ranar Juma'a ya saurara yana shan shayi, ya ce 'yarsa ba za ta shiga mota da baƙi ita kaɗai ba.

“Sai dai in yayarta za ta raka ta. Ita na san hankalinta.”

Ƙanwata ta rungume ni. “Yaya, kin ga? Mu biyu!”

Haka na je Madani. Na ga kogin ta tagar mota, ya fi yadda nake zato faɗi, kuma ban ji komai ba. A bakin fili aka ba ni kujera a inuwa. Mayafinta yana ninke a cinyata, gorar ruwanta tana gefena. Wata malama daga wata makaranta ta zauna kusa da ni, muka ga ƙanwata ta ɗaga ƙwallo ta tsaya cak a sama.

“Yarinyar nan ta Gadarif, hannunta kamar ma'auni,” in ji ta. Ta dube ni. “Ke ma kina bugawa?”

Na ce mata ni yayarta ce, na zo rakiya. Ta gyaɗa kai, ta ce in matsa kaɗan, ina tare mata.