Hatimin Kakan Hassumi

Baba Hassumi jikan alƙali ne. Duk wanda ya taɓa shiga mota ɗaya da shi daga unguwarmu ta Arba wa Nus ya sani, don kafin a karɓi kuɗin mota ya riga ya gaya maka. Shekara tara muna haya a gida ɗaya, ni a ƙasa shi a sama, na sha labarin nan har na fi shi iya ba da shi. A Sudan aka haife shi, cikin Hausawan da kakanninsu suka taso da ƙafa za su Makka suka maƙale a hanya. Nasa kakan dai bai maƙale ba, in ji shi, tsayawa ya yi yana yi wa mutane shari'a. Shaidarsa tana cikin 'yar jakar fata: wani guntun baƙin ƙarfe mai zane kamar sawun kaza, wai hatimin alƙali.

Jikan alƙalin nan ban ruwan furanni yake yi a unguwar Ma'adi, gidan wata malamar makaranta 'yar Sikotlan, Madam Morag. Ita kuma aikinta bayan makaranta neman kakanni. Ta lika taswira a bango tana soka mata allurai. Kakanninta makiyayan haya ne, tumakin wasu suke kiwo, duk shekara biyu ko uku su sake ubangida su sake ƙauye. Da inda aka haifi kowane ɗa take gane hanyar da suka bi, allura ɗaya ɗa ɗaya.

Wannan abu ya ishi Hassumi dariya. Ya dawo ya ce min, "Malam Abakar, ka ji baiwar Allah. Ta hau jirgi, ta tone takardun coci, don kawai ta tabbatar kakanta warin tunkiya yake yi. Ni da binne shi zan ƙara yi."

Ya kuwa iya binnewa. Akwai gwaggonsa Kulu, autar gidan kakan nasa, da ta zauna da su har ta rasu a 2012. In tana yi wa 'yarsa Huda kitso takan rera sunayen 'yan gidansu da garin da aka haifi kowa, daga kanta ta yi baya zuwa ɗan fari. A tsakanin sunayen sai ta riƙa yin irin kiran da ake yi wa tumaki. Hassumi yana jin wannan kiran sai ya leƙo: "Gwaggo, khalas, maƙwabta suna ji." Ni ne maƙwabtan, kuma wallahi ban taɓa kai ƙara ba.

A 2014 Huda ta gama sakandare, ta fi kowa a ajinsu, tana son karatun jinya. Aka ce sai da fasfo, ga shi ba ta da takardar kowace ƙasa. Dattawan 'yan Najeriya suka ce abu mai sauƙi ne, ya faɗi garin da kakansa ya fito, su rubuta wa dagacin ya ba da shaida. Hassumi ya gyara zama ya ce gidan alƙalai. Suka ce na wane gari? Ya fito da hatimi. Suka jujjuya shi, suka ce masha Allah, suka miƙa masa abinsa.

Sai ya kai wa Madam, tunda ita ce gwanar tono. Ni na raka shi don Turancinsa a kan furanni ya tsaya. Tana ganin ƙarfen ta shige ɗaki da sauri, ta fito da ɗan'uwansa, nata mai harafi biyu. Ta ce a wuta ake sa shi a ɗora wa rago a ƙaho, don in garke ya haɗu da garke kowa ya gane nasa. Har da rungume hannun Hassumi, wai ashe danginta ne. Na fassara masa tsaf, ban rage ko kalma ba, Allah ya yafe min daɗin da na ji.

Ta ce kada ya damu, makiyayi ba ya ɓata. A samo wanda ya san inda aka haifi 'ya'yan, ɗan fari yana can garin asali.

Muka hau jirgin ƙasa muka dawo. A gida ya kira Huda, ya ce ta yi masa waƙar gwaggo. Yarinyar ta dube ni, ta dube shi, sannan ta fara a hankali: Kulu a Mai Wurno, Lawali a Nyala, Zahra a Jinena, Ya'ƙub a Abashe. Ta yi kiran tumakin. Sai ta tsaya.

"Yalla, ci gaba," in ji shi. "Saura uku."

"Iyakar abin da na sani ke nan, Baba. Kullum a nan kake leƙowa."

Dariyar da na ɗauko tun daga Ma'adi ban san inda ta shiga ba, tausayinsu ya kama ni su biyun. Hassumi ya zauna a bakin gado da ƙarfen a hannu, ya ce ta sake daga farko, ko Allah zai sa. Ta sake sau huɗu, duk a Abashe take tsayawa, ba ta ko kai Najeriya ba.