Sunan Aikin Shahida

Duk direban da ke ƙetarawa zuwa Ƙonni ta Nijar ya san Inna Tayyiba mai masa a bakin tashar Illela. Tun rasuwar mijinta take suya a wurin, kuma a gindin tandar nan ta raini 'yarta Shahida har ta shiga jami'a. Inna ba ta yi boko ba, sai ɗan Zabarmanci da Faransancin da ta tsinta a bakin masu saye.

Da Shahida ta gama karatu, mata suka yi ta zuwa barka. Wannan ta ce likita ce, waccan ta ce nas. Inna sai murmushi, don sunan aikin ya ƙi zama a bakinta, kuma abin yana ci mata rai.

Wata safiya suna dama ƙullu ta ce, "Ɗiyata, mi ake ce ma aikin nan naki?"

"Physiotherapist, Inna."

"Kai! Wannan ai tirela ce."

Shahida ta yi dariya, ta matso kusa da ita. Ta ce kalmar guntaye uku ce aka haɗa: farkonta jiki, tsakiyarta jinya, ƙarshenta mai yin aikin. Sannan ta yanka mata gaɓa-gaɓa: fi, zi, yo, te, ra, fist. Ta ce a kan "te" ake danna murya.

Harshen Inna na Sakkwatawa ne, "fi" ɗinta "hi" yake fitowa. Gaɓar ƙarshe kuwa ta ce ba ta iya barinta a tsaye haka, sai ta ƙara mata wasali. Kwana da kwanaki tana zuba ƙullu tana maimaitawa ƙasa-ƙasa.

Rannan wani direba, Abdulaziz, ya zauna ya kasa cin masarsa. Ya ce ɓarin jikin mahaifinsa ya shanye, ko kofi ba ya iya riƙewa.

Inna ta ajiye cokali. "Kawo shi wurin ɗiyata. Hi-zi-yo-te-ra-histi ce."

"Mi?"

Ta sake faɗa masa a hankali, ba ta yi tuntuɓe ba.

Ya kawo tsohon daga Amarawa. Shahida ta yi ta motsa masa hannu da ƙafa, kafin damina ya fara kai kofi baki da kansa. Da Abdulaziz ya ba ta labarin yadda Inna ta faɗi sunan, sai ta sunkuyar da kai tana share ido da gefen mayafi. Har yau ba ta gyara wa Inna ko gaɓa ɗaya ba.