Baba Haruna da tutar kakansa

Ina kan keken ɗinki da hantsin Laraba sai Iya Risi, mai gidan da muke haya a Agege, ta tsaya a bakin shagona ko sallama babu. Ta ce, "Tela, Baba Haruna ya tafi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A kan buzunsa aka same shi, shi kaɗai a ɗaki, kamar yadda yake zaune tun rasuwar matarsa.

Dillalin fata ne a mayanka, kuma shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka. Ba shi da yawan magana, amma bai taɓa wuce shagona bai tambayi lafiyar mahaifiyata da ke gida Arewa ba.

Na san shi sosai ne ranar da ya kira ni ɗakinsa, ya buɗe wata tsohuwar adaka, ya fito da tuta. Farar saƙa ce da tsufa ya mayar ruwan ƙasa, rubutun tawadar jikinta ya dushe, ga hudar harsashi guda biyu. Kakansa ne ya riƙe ta ranar da Turawa suka ci garinsu, ya naɗe ta a ƙugu ya tsira da ita. Gefenta ya fara zarewa. Ya ce, "Da allura za ka kama min. Kada keke ya taɓa ta." Kwana uku ina ɗinkin, yana zaune yana kallon hannuna.

Wani mai sayen kayan tarihi ya yi ta sintiri a kanta. Amsar Baba ɗaya ce kullum: "Ajiya aka ba ni."

Bayan soja sun miƙa mulki, rikicin ƙabilanci ya tashi a wasu unguwannin Ikko, aka kashe 'yan uwanmu. Mazajen unguwa suka taru a ƙofar gidanmu, rai a ɓace. Babbansu ya ce, "Baba, fito mana da tutar nan, yau ranarta ce."

Baba ya tsaya a bakin ƙofa, jikokin Iya Risi, 'yan asalin garin, na ɓoye a ɗakinsa don tsoron ramuwar gayya. Ya ce, "Waɗanda suka bi ta wancan karon, uku ne suka dawo gida. Ba zan ƙara mata ko mutum ɗaya ba."

Suka watse suna gunaguni. Daga ranar wasu suka daina gaishe shi, majalisarsa ta bayan La'asar ta koma ni da shi. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Bayan sadakar uku, babban ɗansa Sani, wanda aka haifa a nan kuma yake aiki a Isolo, ya buɗe adakar. Ya daɗe yana duban tutar, sannan ya ce da ni, "Kawu, mene ne sunan kakan da ya riƙe ta?"

Ni ma ban sani ba. Duk shekarun nan Baba "Kaka" yake cewa, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Sani ya naɗe ta da kansa, ya rungume ta a ƙirji har bakin titi, ya shiga motar haya ta danfo.

Ya Allah, Ka jiƙan Baba Haruna, Ka haskaka kabarinsa, Ka sada shi da magabatansa waɗanda Kai kaɗai Ka san sunayensu yanzu. Ka ba Sani da ƙannensa haƙurin rashi da ikon riƙe amana. Mu da muka rage a wannan gida, Ka sa mu cika da imani. Amin.