Murhun Bandar Aisata

A farkon zaman Faransawa a Gaya, akwai wata mace a bakin kogi mai suna Aisata, sana'arta bandar kifi. Ruwa ya ci mijinta, ba ta sake aure ba. Abin da ya rage mata shi ne rumfa mai manyan murahu na yumɓu, da kuma mahaifinta Sumana, tsohon matuƙin kwalekwale wanda tari ya kama wa ƙirji.

Sanyin bakin kogi ba irin na tudu ba ne. Da magariba yake tasowa daga ruwa, ya ratsa zana, ya shiga ƙashi. Shi ya sa tun kaka da kakanni tsofaffin unguwar ba sa kwana sai da wuta a ɗaki.

A wata shekara gobara ta cinye bukkoki kusa da bariki. Kwamandan barikin, Bafaranshe, ya kafa doka: da zarar an busa ƙaho da faɗuwar rana, kowace wuta ta mutu, gardawan bariki kuma su zaga da tulu suna kwara ruwa a kowane murhu. Wanda aka samu da garwashi, sai aikin tilas na hanya. Ba a daɗe ba aka wayi gari wata tsohuwa maƙwabciyar Aisata ta sandare a kan tabarma, sanyi ya kashe ta. A ranar Sumana ya kasa tashi sallar asuba, leɓensa ya yi fari.

Aisata ta san cewa yumɓun banda yana riƙe zafi har gari ya waye, ko da babu wuta a cikinsa. Ta wuni tana hura murahun. Da la'asar sakaliya ta kwashe garwashin ƙarƙaf a cikin kasko, ta kai kogi ta zubar, ta shimfiɗa tabarmi a kan yumɓun, ta goyo mahaifinta ta kwantar. Maƙwabta suka gani, su ma suka kawo nasu tsofaffin.

"To, yau na zama kifi," in ji Sumana cikin tari. "In wannan gefen ya gasu, ki juya ni."

Ba ta yi dariya ba, domin tana jin ƙarar tulu a bakin hanya. Ruwan sanyi a kan yumɓu mai zafi fasa shi yake yi, kuma in murhun ya fashe, tsohon ba zai ga safiya ba. Ta aika a kira mai gari Alfari.

Idi, gardin da ke zagaya unguwar, ya riga shi isowa. Ya tsaya a bakin rumfa da tulu a kafaɗa.

"Inna, a tashe su. Zan zuba."

"Sa hannunka, ɗana. Ko garwashi ɗaya ba za ka samu ba."

"Ba a ce in sa hannu ba, an ce in zuba. In na bar naki, gobe bayana ne zai sha bulala."

Gaskiya ya faɗa, kuma kowa ya sani. Ya sauke tulun, ya karkata bakinsa. Aisata ta riƙe wuyan tulun da hannu biyu, ruwa ya ɗiga a ƙafarta. Suna cikin wannan ja-in-ja sai ga Alfari yana haki. Ya dubi tsofaffin, ya dubi Idi. Shi ma rawaninsa a hannun kwamandan yake. Daga nan ya tuɓe takalmansa, ya hau murhun, ya zauna kusa da Sumana.

"Zuba, Idi."

"Ranka ya daɗe, ka rufa mini asiri."

"In an tambaye ka, ka ce mai gari ne a kai. Gobe ni zan hau bariki, ba kai ba."

Idi ya tsaya har duhu ya fara rufe fuskoki, sannan ya ɗauki tulunsa cike ya wuce.

Da safe Alfari ya hau bariki. Ba wanda ya san yadda suka ƙare, sai dai ya sauko da sharaɗi mai nauyi: an yafe wa rumfar ruwa, amma ranar da aka ga ko tartsatsi ɗaya a cikinta bayan ƙaho, za a rushe ta, a kori Aisata daga garin, shi kuma a tuɓe shi. Alfari ya karɓa. Ya ɗora wa kowane gida damin itace, ya sa samari su riƙa zagayawa da la'asar suna ɗauko tsofaffi da marasa lafiya waɗanda ba su da kowa.

Nauyin sharaɗin a kan Aisata ya sauka. Kowace yamma, har ƙarshen sanyi, takan laluba tokar da tafin hannunta, domin ba ta yarda da ido ba. Hannuwanta suka ƙone, suka warke, suka sake ƙonewa, har yatsunta biyu suka daina miƙewa. Ba a taɓa samun tartsatsi ba.

Sumana ya ga bazara, ya kuma ga wasu bayanta. Har ya rasu yana ƙorafin cewa kuliyoyin unguwa ba sa barinsa ya zauna lafiya saboda ƙaurin kifi.