Dokin da Ya Tsallake Fata

A shekarar 1961 na fara sanin Tine Kavšek, mai kula da dawakan ramin kwal na ƙauyenmu. Gajere ne, maganarsa ba ta wuce ta cikin cokali. A lokacin saura doki ɗaya, Miško, mai ido guda, wanda ya shekara goma sha tara yana jan amalanke a ƙarƙashin ƙasa.

Da aka kawo injin ja, Injiniya Hribar ya sayar da Miško ga mahauci, za a ɗauke shi ran Litinin.

Ran Asabar bikin mahaƙa ya kama. A al'adarmu, sabon shiga yakan faɗi sunansa, ya shanye kofin giya, ya tsallake fatar da mahaƙa ke ɗaurawa a ƙugu wajen aiki, dattawa biyu na riƙe da ita. Daga nan ya zama mahaƙi har ya mutu. Ana cikin kiran samari sai ga Tine ya jawo Miško cikin zaure.

"Kai Tine, ka bugu ne?" in ji Injiniya.

"Yallaɓai, shekararsa goma sha tara a rami ba a yi masa ba. Kai da wata shida aka yi maka."

Zaure ya ɗauki sowa. Tsoho Polde, shugaban biki, ya gyara tabarau ya tambayi dokin sunansa.

"Miško," in ji Tine. "Kunya gare shi."

Giya kam, dokin ya shanye bokiti. Tsalle ne ya gagara. Ya tsaya ƙememe yana shinshinar fatar. Sai dattawan biyu suka fara kukan ciwon baya, suna sunkuyawa, suna sunkuyawa, har fata ta kwanta a ƙasa. Miško ya taka ya wuce.

Polde ya ce, "To Yallaɓai, a ƙauyen nan ba mu yanka mahaƙi."

Shekara bakwai Miško ya ƙara a lambun Tine, yana cinye kabejin gidan.

Sai bayan rasuwar Tine matarsa Micka ta faɗi dalilin da ya sa ya ceci dokin. Wata rana can baya dokin ya ƙi shiga wani lungu na ramin. Tine ya yi ta jibgarsa da shebur har ido ya fashe. Suna nan tsaye, rufin lungun ya rufto a gabansu.